Dalilin da ya sa za mu fasa daɓen garejin Alhaji

Jiya da muka tashi daga aiki ka tsaya kana ta kallon daɓen nan, sannan ka ce mini, "Maigida, daɓen da bai tsage ba, bai ɓurma ba, me ya sa za mu fasa shi? Ai Alhaji cewa ya yi a gyara masa wurin ajiye motocinsa ya yi kyau. Mu shafa fenti mai sheƙi ko mu shimfiɗa tayil mana." Magariba ta gabato, shi ya sa ban tsaya ba ka amsa ba. Yanzu jawo bulo ka zauna, kafin leburori su iso.

Ka tuna ledar da na sa ka manna a ƙasa ranar Litinin? Ka liƙe gefunanta huɗu da salatif, muka bar ta ta kwana. Da safe da hannunka ka ɗaga ta, ka ga cikinta ya yi gumi, simintin da ke ƙarƙashinta kuma ya yi duhu. To amsar tambayarka tana nan. Wanda ya zuba daɓen nan a da bai shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa ba. Kankare kuwa, duk taurinsa, yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana tsotso danshin ƙasa yana fitarwa ta sama, kamar yadda sabuwar randa take tsattsafo. Yanzu ma da damina ta wuce ke nan. Ka ƙiyasta yadda zai kasance a watan Agusta, lokacin da ƙasar Kano ta ƙoshi da ruwa.

Da a ce motar zuwa kasuwa ce za ta riƙa kwana a nan, da ban matsa ba. Motar da ake fita da ita kullum, injinta yana ɗaukar zafi, iska tana bugun ƙasanta, duk danshin da ta kwasa da dare ya bushe kafin azahar. Motocin Alhaji ba haka suke ba. Ga Peugeot 504 ɗin nan da ya ce ta mahaifinsa ce, haɗin Kaduna, daga kamfanin nan na Kakuri da ya fara harhaɗa motoci a 1975. Ga tsohuwar Marsandi 230, ga Volkswagen ɗin da muke ce wa kunkuru, ga Land Rover a can kusurwa. Sai su yi wata biyu, wata uku a tsaye wuri guda. Mota a tsaye kuwa daga ƙasa take fara mutuwa. Tsatsa ta kama salansa, ta kama bututun birki, ta ci ƙarfen da ke ƙarƙashin kujeru, alhali sama tana ta ƙyalli, mai ita yana gogewa yana murna. Ranar da ya gano, sai ya zagaye Ƙofar Ruwa ya gangara Fanteka a Kaduna yana neman kayan motar da aka daina ƙerawa tuntuni. Aikin da aka ba mu shi ne mu hana zuwan wannan rana.

Fentin da kake magana, na taɓa yin wannan kuskuren, kuma har yau yana damuna. Shekaru da suka wuce wani mai gida ya matsa mini da gaggawa, na shafa masa fentin roba mai sheƙi a kan daɓen da bai gama bushewa ba. Sati biyu wurin kamar madubi. Da damina ta kankama, sai danshi ya taso daga ƙasa ya rasa hanyar fita, fentin ya yi ta kumbura kamar bororon ƙuna. Inda tayoyi suka tsaya da zafinsu kuwa, mota na ja da baya fentin na biye da taya. Da kuɗin aljihuna na kankare shi na sake aikin, amma abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne kallon da mutumin ya yi mini. Ba na so a taɓa yi maka irinsa. Tayil kuma, in aka bar ɗan rami a ƙarƙashinsa, jak ɗaya ya isa ya fasa shi, kuma in baƙin mai ya ɗiga a kai, santsinsa yana iya karya dattijo.

Ga yadda za mu yi. In mun fasa mun kwashe, za mu zuba jar ƙasa inci 6, a yayyafa ruwa, a daddage ta sosai, sannan a ƙara wani inci 6. Kada ka bari leburori su jibge ta lokaci guda, don samanta kaɗai zai daddagu, ƙasan ya zauna daga baya. A fesa maganin gara. A baza yashi mai laushi don kada tsakuwa ta huda leda. Leda mai kauri za mu saya, kuma duk inda biyu suka haɗu ɗaya ta hau kan ɗaya da ƙafa 1, gefenta ya ɗan haura jikin bango. Huji ɗaya a jikinta, ko na tsinin cebur ne, ka tsayar da aiki a liƙe shi. Ragar ƙarfe ta hau kan 'yan duwatsu, ta zauna a cikin kankare, don in ta kwanta a kan leda ba ta riƙe komai.

Kaurin kankare inci 6. Kwaɓi kuma buhun siminti 1, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. A nan nake so ka buɗe ido, domin masu kwaɓi suna son malala ruwa don cebur ya yi musu sauƙi, kuma yawan ruwa shi ke kashe ƙarfin siminti. Za mu karkatar da daɓen wajen ƙofa, inci 1 a kowace ƙafa 8, yadda in an wanke mota ruwa zai nemi kwata da kansa. Da tiyon awo, wato tiyo mai ruwa a ciki da muke daidaita tsayi da shi, za ka fitar da wannan, ni kuma zan duba bayanka. A yanka layi kowace ƙafa 10 zuwa 12, don in kankare zai tsage ya tsage inda muka zaɓa masa. Sannan kwana 7 ana jiƙa shi safe da yamma, an rufe shi da buhunan algarara. Mota ba za ta hau ba sai ya cika kwana 28. Fenti kuwa sai mun sake manna ledarka ta kwana ta tashi a bushe. Iskar hunturu za ta taimaka mana.

Sauran aikin bai kai wannan wahala ba, amma kada ka raina shi. Ita 504 tsawonta ya kusa ƙafa 15, faɗinta ƙafa 5 da rabi. Duk da haka kowace mota za mu ba ta ƙafa 12 a faɗi, 20 a tsawo, don a buɗe ƙofa har ƙarshe ba tare da ta doki maƙwabciyarta ba. Kwanon rufin nan yana yin gumi da asuba yana ɗiga a kan fentin motoci, da bazara kuma ya mai da wurin tanderu, saboda haka sai an yi silin. Tagar yamma za mu rage ta, don rana tana kashe launin mota tana tsattsaga dashbod. Amma ba za mu toshe wurin ruf ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka za mu bar ƙofofin iska a ƙasa da sama, mu sa musu raga mai ƙananan ido saboda ɓera, wanda ba abin da yake so kamar wayar motar da ba a tayarwa. Soket kuma mai lantarki ya ɗaga su sama da ƙasa sosai. Janareta da jarkokin mai su koma waje, wannan na riga na faɗa wa Alhaji, kuma ya yarda.

Ya ɗan yi jim da ya ji kuɗin fasawa. Na kai shi na ɗaga masa leda ya taɓa da yatsansa, sannan na ce ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin motar mahaifinsa. Da ya miƙe sai ya ce a fara gobe.

Ga leburori nan sun iso. Tashi ka nuna musu inda bututun ruwa ya bi ta gefen bangon gabas, ka ja masa layi da alli kafin kowa ya ɗaga guduma.