Gasar rubutu kan ƙwari: rubutuna yana fitowa kamar asaimen

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a jami'a, ina karanta bayoloji. Ina so in shiga gasar rubutun da ƙungiyar masana ƙwari ta Ingila ke shirya wa ɗalibai, wai a rubuta wa mutane gama-gari, amma duk abin da na rubuta sai ya fito kamar asaimen. Don Allah ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumussalam ƙanwata. Ƙungiyar da kike nufi ita ce Royal Entomological Society, tun 1833 take, kuma sukan buga rubutun waɗanda suka ci a mujallarsu Antenna. Ki leƙa shafinsu ki karanta sharuɗɗan bana da kanki kafin ki fara.

Toh matsalarki dai sananniya ce, har yanzu lakcara kike rubuta wa a ranki, shi ya sa kike farawa da ma'anar ƙwaro da rabe-raben ƙwari da sunan Latin, alhali mai karatunki ba jarrabawa zai yi ba, in ya gaji a layi na biyu wallahi ya wuce kenan. Ki zaɓi ƙwaro ɗaya tak, da tambaya ɗaya da ke kansa.

Ni da ni ce ke, ƙwaron wake zan ɗauka. Ki ɗebo tsohon wake a kwano ki duba da kyau, za ki ga ɗigo-ɗigo farare manne a jikin ƙwayar, ƙwai ne uwar ta liƙa. Tsutsar in ta ƙyanƙyashe ba ta fitowa waje, ta ƙasa take hudawa ta shige cikin waken, can za ta ci ta girma, sai ta zama ƙwaro sannan ta fito ta bar wannan zagayayyen ramin da kowace mai girki ta sani. Tambayarki kuma ga ta a fili, ya ake kashe abin da ya ɓuya a cikin abinci ba tare da an zuba wa abincin guba ba? Nan za ki kawo buhun PICS da masana jami'ar Purdue a Amurka suka samar, aka yi ta gwada shi a Nijar da Najeriya, leda biyu a ciki buhu a waje, a ɗaure kowanne tam, ƙwarin su shanye iskar da ke ciki da kansu su daina ci su mutu. Wannan labari ne cikakke, kuma alƙalan can ba kullum suke cin karo da irinsa daga wanda ya gani da ido ba.

In wake bai yi miki ba akwai tsutsar masara da aka fara ganinta a Afirka ta Yamma a 2016, asalinta nahiyar Amurka.

Sunan kimiyya sau ɗaya ya isa. Amma kar sauƙin harshe ya sa ki sakaci da gaskiya, alƙalan masana ne, duk adadin da ba ki tabbatar ba ki cire shi. Kuma tunda da Turanci za ki tura, ki fara ba wa wata a gida labarin da baki da Hausa, inda ta tsaya ta ce miki "kamar yaya?" toh wurin ne bai fito ba, ki koma ki gyara shi.