Injektan bolt 24 zai kunna kyamarar PoE?

Tambaya: Malam, na sayi kyamarorin tsaro guda huɗu masu aiki da kebul na intanet. A jikinsu an rubuta PoE 802.3af, an kuma rubuta DC 12V. Ina da injekta (na'urar da ke saka wuta a cikin kebul ɗin intanet) mai bolt 24 da ya rage daga wata tsohuwar na'urar Wi-Fi. Zan iya ba su wuta da shi? In ba zai yiwu ba, me zai hana in tura bolt 12 ta cikin kebul ɗin kawai?

Amsa: Kada ka haɗa su, Malam. Rubutun nan biyu ƙofofi biyu ne daban. DC 12V na ƙaramin ramin caja ne, wanda ake soka masa adafta. Shi kuwa PoE 802.3af, wato tsarin tura wuta ta cikin kebul ɗin intanet, na ramin kebul ne, kuma wutar da yake jira tana kusa da bolt 48.

Ƙa'idar 802.3af, wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 2003, ta ce na'urar da ke ba da wuta ta fitar da bolt 44 zuwa 57, kyamara kuma ta samu har wat 12.95. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ba ya sakin wuta kai tsaye. Da ka soka kebul, sai suwic, wato akwatin da ake jona kebul-kebul ɗin a jikinsa, ya fara aika 'yar wuta kaɗan, wadda ba ta wuce kimanin bolt 10 ba, yana laluben wata alama a ɗaya ɓangaren, wato turjiya ta om dubu 25. In ya same ta, ya san mai karɓar PoE ne, sai ya buɗe wuta sosai. In kwamfuta ce aka soka, ba zai buɗe mata wutar ba.

Injektanka ba ya yin wannan tantancewar. Irinsa ne ke zuwa da wasu na'urorin kamfanonin Ubiquiti da MikroTik, kuma da zarar an jona shi, bolt 24 na kan waya, ko mene ne a ƙarshenta. Kyamarar 802.3af galibi ba za ta ma tashi ba, don wutar ba ta kai mata ba. Inda ake tafka asara shi ne a ga ta ƙi tashi, sai a samo sifilita (abin da ke raba wayoyin wuta da na intanet) marar rage wuta, a zare wayoyin wutar a kai su ramin bolt 12. Ninki biyu ke nan na abin da ramin zai iya ɗauka, kuma nan take kyamara na iya ƙonewa.

Batun tura bolt 12 ta kebul kuwa, nisa ne ke cinye shi. Kyamara mai cin wat 6 tana jan rabin amfiya a bolt 12. A kebul Cat5e mai tsawon mita 100, kusan bolt 5 zai zube a hanya, abin da zai isa bai fi 7 ba. A bolt 48 kuwa, kashi ɗaya cikin huɗu na wannan amfiyar take ja, asarar ba ta wuce bolt ɗaya da ɗoriya ba. Dalilin da ya sa aka zaɓi wuta mai yawa ke nan tun farko.

Ka nemi suwic ko injekta da aka rubuta 802.3af ko 802.3at a jikinsa. Na biyun, na 2009, yana ba kyamara har wat 25.5, kuma yana aiki da na'urorin 802.3af lafiya lau. Ka kuma duba jimillar wat da suwic ɗin zai iya bayarwa, ba yawan ramukansa kaɗai ba. Kyamara huɗu a wat 15.4 da suwic ke fitar wa kowacce, kafin wani ya zube a hanya, sun kama kusan wat 62. Da rana komai zai yi kamar daidai, amma da dare in fitilun infared masu ba kyamara gani a duhu suka kunna, cin wuta ya ƙaru, sai ka ga wata kyamarar tana mutuwa tana dawowa.

Kebul ma kada ka yi masa rowa. Akwai mai araha da aka yi da alminiyam aka shafa masa jan ƙarfe a sama, za ka ga CCA a kwalinsa. Ka kankare waya ɗaya da wuƙa. In ka ga fari a ciki, ka ajiye shi, domin ya fi jan ƙarfe zalla zubar da wuta da ɗaukar zafi. Tsawon kowane kebul kuma kada ya haura mita 100.