Bakanike ya ce in sauya nozul huɗu: in biya ko in dakata?

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Marwa: "Ina da Toyota Hilux mai shan gazuwal, ƙirar 2008, ina ɗaukar albasa da ita zuwa Garwa da Ngawundere. Wata biyu ke nan in tana silo, wato tana tsaye inji na aiki, sai ta riƙa karkarwa, tana baƙin hayaƙi, ga shan mai. Bakanike ya ce nozul huɗun duk sun mutu, kuɗinsu kuwa zai cinye rabin jarina. In biya, ko in sayar da motar?"

Alhaji, kada ka biya tukuna, kada kuma ka sayar. Mota mai karkarwa araha ake taya ta, alhali ciwon nata yana iya zama na aikin yini guda. Alamomin nan uku ba nozul, wato abin da ke fesa mai cikin inji, kaɗai ke kawo su ba, saboda haka a fara da gwajin da ba ya cin kuɗi.

A soma da filtar gazuwal, a tsiyaye ruwan da ya taru a gindinta, a sa sabuwa, a duba filtar iska. Mai sayen mai na jarka a bakin hanya, ga ƙurar hunturu, sau da yawa a nan maganarsa ke ƙarewa.

In ba ta daina ba, sai bawul ɗin EGR, kuma shi na fi zargi. Aikinsa shi ne mayar da wani kaso na hayaƙin salansa cikin inji don rage zafin ƙonewar mai. Hayaƙin yana ɗauke da kunkunniya, ta haɗu da tururin baƙin mai, ta zama kamar kwalta. Shekara da shekaru tana taruwa har bawul ya maƙale a buɗe, inji ya riƙa shaƙar hayaƙi a madadin iska mai kyau. Daga nan karkarwa, da baƙin hayaƙi, da kasala a hawan dutsen nan na kusa da Ngawundere. A sa motar a kwamfuta: lambobin P0400 zuwa P0402 duk EGR suke nufi. Sannan a yanko siririn ƙarfe a toshe bututun EGR na ɗan lokaci, a tayar da inji. In silo ya daidaita wajen juyi 700 zuwa 800 a minti ɗaya, an kama ɓarawo. A kwance bawul da wuyan manifol, wato hanyar da iska ke bi ta shiga inji, a kankare, a wanke, a sa sabon gasket. Lallai a toshe ramukan shigar iska da tsumma kafin kankara, don ɓarɓashi in ya faɗa silinda ɓarnar ta fi ta farko. A duba ƙananan tiyon iska da ke jan bawul, zafi yana tsattsaga su.

Wasu za su ce a bar ƙarfen nan har abada. Ban ba ka wannan shawara ba: fitilar inji kan zauna a kunne, ranar da wani ciwo na gaske ya zo ba za ka gane ba.

Akwai kuma ƙaramin bawul a jikin famfon mai da ake kira SCV, shi ma yana kawo karkarwa a irin wannan inji, kuma kuɗinsa bai kai na nozul ba.

Sai bayan duk wannan ake maganar nozul, kuma da hujja: a auna man da kowanne ke mayarwa, ka gani da idonka. Wataƙila ɗaya ne ya gaji. Wanda aka sauya sai da sabon zoben tagulla, kuma a shigar da lambarsa cikin kwamfutar motar.

Ta fannin kuɗi, ka biya bakanike ladan bincike daban, kayan kuma ka saya da kanka, a dawo maka da tsofaffin. Wanda abincinsa ke cikin ribar kaya, kayan masu tsada zai fara ambata. Daga yau kuma ka riƙa ware wani abu daga kowace tafiya ka ajiye wa motar, don gyara ya daina taɓa kuɗin albasa.