Muryar da aka turo a gurup kan birkin bayan tsohuwar Hilux

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ƙanena mai tsohuwar Hilux, na saurari saƙonka. Ka ce sai ka taka birki sau biyu kafin ya kama, kullum kana ƙara man birki, ga kuma danshi a cikin tayar baya ta dama. To, don Allah kada ka sake yi mata lodi sai an buɗe duram ɗin nan, wato kwanon ƙarfen da ke bayan tayar, wanda takalman birki ke matsa daga ciki.

Da farko, mota na tsaye, taka fedar ka riƙe. In bugu na biyu ya sa ta taso ta yi tauri, takalman birkin ne suka yi nisa da duram, ko dai sun cinye ko saiti ya tafi. In ta yi laushi, iska ce ta shiga. In kuwa kana riƙe tana nutsewa a hankali, mai na zuba a wani wuri, ko robar masta, wato famfon da fedar ke dannawa ya tura mai zuwa tayoyi, ta mutu. Kai da kake ƙara mai kullum, ai man nan ba ƙafa gare shi ba, wani wuri yake bi.

Ka sa waigi a tayoyin gaba, ka ɗaga baya, ka tokare da ƙarfen tsayawa, kada ka yarda da jak kaɗai. Saki hambirki. In duram ya ƙi fita, kada a yi ta dukansa da guduma. A fuskarsa akwai ramuka biyu masu zare, ka ɗaura noti mai kauri milimita 8 a kowanne, kana juya wannan kana juya wancan, zai fito da kansa. Ƙurar ciki kuma kada yaronka ya hura ta da baki ko da iskar falkaniza, tsofaffin layinin, wato abin da ke manne a fuskar takalman birki yana gogar duram, na iya ɗauke da asbestos, yana lalata huhu. A jiƙa tsumma a goge.

Yanzu danshin nan. Taɓa ka shinshina. In mai kauri ne mai wari, man giya ne, sil ɗin aksul, wato robar da ke tare man a bakin sandar da ke juya taya, ya mutu. In tsinkakke ne, ruwa yana wanke shi, man birki ne. Ɗaga robar da ke bakin silindar taya, wato ɗan famfon da ke tura takalman birki, in ka ga jiƙe, ita ce ke zuba. Ko wanne ne, layinin da ya sha mai ya gama aiki. Na san akwai masu wanke shi da fetur su babbaka shi da wuta, wallahi abin nan yana tayar min da hankali, don man ya riga ya ratsa ciki, duram na yin zafi zai sake tsattsafowa. A canza, kuma hagu da dama tare, in ba haka ba motar za ta riƙa fizgarka gefe. Ka ɗauki hoto da waya kafin a kwance, a gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan, don sifirin kada su rikice. Duba cikin duram ma, in ya yi kwari sosai, akwai iyakar faɗin da aka rubuta a jikinsa, in ya wuce ta sai sabo.

Wajen saiti, a juya ɗan tauraron nan mai haƙora da ke tsakanin takalman birki har taya ta fara gogawa, sannan a sassauta kaɗan ta juya sumul. Sai an gama wannan ake taɓa wayar hambirki. Sannan a cire iska, a fara da tayar da ta fi nisa da masta.

Man birki kuma DOT 3 ko DOT 4, abin da murfin tankin man birkin ya ce. Ban da man inji, yana kumbura robobi, ban da ruwan sabulun nan da wasu ke zubawa. Man da kansa yana tsotsar danshi, shi ya sa ake zubar da shi a sa sabo duk shekara 2.

Tunda ka ce hanyar Jos kake bi, in za ka gangara Hawan Kibo da kaya, sa ƙaramar giya tun daga sama. Duram in ya yi zafi buɗewa yake, fedar sai ta ƙara nisa.

In kun buɗe, turo hoton ɓangarorin biyu nan gurup mu gani kafin ka sayi komai.