Kai yara bakin kogin Matan Fada ba lokacin biki ba

Malam, ka tambaya ko za ka iya kai yara shaƙatawa bakin Matan Fada a Argungu alhali ba lokacin bikin kamun kifi ba ne. Za ka iya, amma kallo kawai. Kada kowa ya sa homa ko ƙugiya, domin an hana kamun kifi a gurbin sai ranar biki, kuma Sarkin Ruwa na sa ido.

Shawarata ku je da rani, da la'asar. Na sha ganin gaɓar da damina: ruwa ya cika, laka ga santsi, kafin ka waiga yaro ya zame. Ku riƙe tabarma da ruwan sha. Kafin rana ta yi sanyi ku fara shiga Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarki, yara su ga makaman Kabawa.