Inna, an gama zango amma ƙafata ta ƙi ɗaguwa daga Maraɗi

Assalamu alaikum Inna, ina gajiya, ya iyali?

Ni Bakatsiniya ce, ina karatun Faransanci a wata jami'a a Nijeriya. Zangon nan a Maraɗi muka yi shi, don bakinmu ya saba da harshen. An gama jarrabawa, takardu kawai muke jira mu kama hanya, ni kuwa na rasa abin da ke mini daɗi.

Da farkon zuwana kuka na yi ta sha. Ko kuɗin ban iya ba, mai kanti ya ce dala ashirin in tsaya ina raba ido, ashe sefa 100 yake nufi. Yanzu ni ke yi wa baƙi ciniki a babbar kasuwa. Gidan da aka sauke ni a Ali Ɗan Sofo, Hajiyar gidan ta riƙe ni tamkar ita ta haife ni. Duk ranar da na dawo daga makaranta zan tarar da kwanon fura a rufe da faifai a gindin randa, ba mai taɓawa sai ni. Autarta a ɗakina take kwana, ni ke duba mata aikin lakwal, wato makarantar boko. Tunda ta ga na fara ninke kaya ta daina kula ni.

A can gida kuma Mama kullum sai ta kira, har an share mini ɗaki. Wallahi ina kewarta, ina kewar ƙannena. Amma da ta ce "kin kusa dawowa" sai gabana ya faɗi, daga baya in ji kamar na ci amanarta. A nan ni ke riƙe da kuɗina, in hau kabu-kabu in je in dawo ba mai tuhumata. A gida ko kantin bakin layi sai an haɗa ni da ƙanena. Ga Faransancin bai zauna yadda na so ba, don kowa Hausa yake yi mini. Har na fara tunanin roƙon Baba ya bar ni in ƙara zango ɗaya. Ƙawayena dariya suke yi, wai Maraɗi ma har wata ƙasar waje ce? Inna, in roƙa ko in haƙura?

Ɗiyarki, daga Ali Ɗan Sofo.

Wa alaikis salam ɗiyata,

Ƙawayenki su yi ta dariyarsu. Gaskiya ne mu da ku tushe ɗaya ne, don mutanen da suka kafa sarautar garin nan daga Katsina suka fito bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, kuma har gobe Sarkin Katsina muke kiran sarkinmu. Sai dai wanda ya canji naira, ya sayi sabon layin waya, ya nuna takarda a shingen iyaka na Ɗan Isa kafin ya wuce, to baƙunci ya yi, ko da da Hausa aka tarbe shi.

Ba ki ci amanar kowa ba. Sabo ne, shi ake yi wa kuka, kuma da a ce kin ɗauki jakarki kina murna ba ko waiwaye, da sai in ce Hajiya ta yi asarar furarta.

Amma kada ki roƙi ƙarin zango, aƙalla ba a wannan makon ba. Na sake karanta wasiƙarki, na ga Faransancin a ƙarshe kika sako shi, kamar abin da aka tuna a bakin ƙofa. Kin faɗa da bakinki kowa Hausa yake yi miki, to ƙarin wata huɗu a cikinmu me zai canza? Mu nan Faransanci na aji ne da ofis, a kasuwa da tsakar gida Hausa ce, kuma tun 2025 ita hukuma ta ayyana harshen ƙasa. In harshen kike nema da gaske, ki je gida, ki huta, ki zauna da malamanki ku duba inda za ki je ba ki da mafita sai ki yi shi. In bayan wata biyu har yanzu Maraɗin kike so, ki rubuto mini, ni zan taya ki tsara maganar da za ki kai wa Baba.

Abin da na ga yana riƙe ki shi ne kin ɗanɗani tsayuwa da ƙafarki, kina tsoron a mayar da ke yarinyar da ake rakawa kanti. Wannan tsoron yana da dalili, don iyayenki waccan suka sallama, ita suke jira. Kada ki shiga gida da "ai a Maraɗi kaza nake yi", ba abin da ke saurin ɓata ran uwa kamar wannan. Ki bari su gani da idonsu. Ki karɓi cefanen gida na mako guda ki kawo lissafi daidai har da canji. In za ki fita ki faɗi inda za ki da lokacin dawowa, ki kuma dawo a lokacin. Rakiyar ƙanen nan a hankali za ta faɗi, ba ranar farko ba. Ita kuma Mama, ki gaya mata gaskiya cewa kina kewar mutanen nan. Ki haɗa ta da Hajiya a waya ta yi godiya da kanta. Uwar da ta ji an riƙe mata ɗiya da kyau ba kishi take yi ba, addu'a take yi.

Yanzu batun sallama. Kada ki sulale da asuba don gudun kuka. Ki bi maƙwabta gida gida ki nemi gafara, ki biya mai kanti ko dala biyar ce yake bin ki, ki yi wa Hajiya ihsani gwargwadon ƙarfinki, ko turmin atamfa ko sabulu da turare. Autar nan fushinta na ƙauna ne. Ki zaunar da ita ki faɗa mata ranar tafiya, ki bar mata wani abu naki, amma kada ki ce mata za ki riƙa zuwa duk wata. Mun ga yadda aka rufe iyakar nan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024, 'yan'uwa na jini ma suka kasa zuwa biki da ta'aziyya. Ki yi mata alkawarin da ke hannunki, kamar kiran waya duk Juma'a.

Takardar sakamakonki kuma, kada ki yarda da "za mu aiko miki". Ki karɓe ta da sa hannu da hatimi, ki ɗauki hotonta a waya. Layinki na nan ki riƙe shi har sai kin mayar da WhatsApp ɗinki kan lambar gida. Motar safe za ki shiga, ki wuce Jibiya da rana tsaka, kuma ki kira Hajiya da zarar kin sauka Katsina, don na san ba za ta ci abinci ba sai ta ji muryarki.

Allah ya kai ki lafiya. Ki gaida Mama.

Innarki.