Filogin dutsen guga ya narke: a canza ko a naɗe da tef?

Hajiya, kin ce filogin dutsen gugarki ya yi baƙi, ƙafa ɗaya tana girgiɗi. Kar ki naɗe da tef, canza shi za ki yi. Ki nemi mai ƙafa uku a Sabon Gari, mai ɗan nauyi a hannu, da fis (ɗan abin da ke katse wuta in ta yi yawa) na amfiya 13. Masu arhar nan marasa fis, ni dai ba na kai su gidana.

Ki zare shi daga soket tukuna, ko da an ɗauke wuta, don ba ta sallama in za ta dawo. Ki yanke inda wayar ta ƙone, ki feƙe sabon wuri kaɗan. Wayoyi uku za ki gani. Mai ruwan ƙasa ita ke ɗauke da wuta, tana shiga dama, wajen fis. Shuɗiya hagu. Kore da ɗorawa ta tafi doguwar ƙafar sama; ita ce kariyarki in wuta ta taɓa jikin ƙarfen. A tsohuwar waya, ja ce mai wuta, baƙa ta hagu.

Ki murɗe zaren tagullar, ki ɗaure sukurun tam, kar ko sili ɗaya ya leƙo. Sakwakkwen ɗauri ne ke sa zafi, mai yiwuwa shi ya narkar da naki. Maƙallin da ke ƙasan filogin kuma ya kama rigar waje da ta rufe wayoyin ukun.

Fis in ya ƙone, kar a cusa waya a madadinsa. In soket ɗin ma ya yi baƙi, ko dutsen yana jan ki, wannan sai mai gyaran wuta.